Sharar Matakala Bakwai

Habsatou mai tuwo ta shekara tara a birnin Guangzhou na China, kuma har yau ba ta yarda cewa mutanen garin sun iya zaman duniya ba. 'Yar Maradi ce, doguwa, mai kaurin murya, ba ta iya ganin ƙazanta ta wuce. Mijinta Isufu ne ya fara zuwa. Aikinsa ya haɗa wa 'yan kasuwar Maradi da Yamai kaya, ya bi kayan har tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ya tsaya sai an rufe kwantena. Da cikinsa ya gaji da shinkafa marar gishiri da taliyar leda, sai ya aika ta taho.

Wata uku da zuwanta ta lura ba mijinta kaɗai ke ramewa ba. Duk wanda ya zo sarin kaya, haka yake komawa gida wando na faɗuwa daga ƙugunsa. Ta sayi manyan tukwane biyu, ta sa matafiya suka riƙa ɗauko mata kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a cikin jakunkunansu, ta soma tuƙa tuwo. Daga azahar zuwa la'asar falonta cike yake da maza zaune a kan tabarma, wannan na waya da Faransanci, wancan da Turanci, kowa na lasar yatsa. Ba ta wasa da kowa. Wanda ya zubar da miya a ƙasa shi zai goge, ko da shi ne mai kwantena goma.

Gidan da suke haya yana hawa na bakwai a wani tsohon bene a unguwar Sanyuanli, ba na'urar hawa, sai ƙafa. Mai gidan wata tsohuwa ce gajera, Madam Leung, ƙofarta na kallon tasu. 'Yar Habsatou, Amira, wadda aka haifa a garin shekara takwas da suka wuce, ita ta fara kiran tsohuwar Popo, wato kaka, sunan kuma ya bi ta. Shekara shida suna maƙwabtaka. Habsatou ba ta jin yaren Popo, Popo ba ta jin nata. Abin da ke tsakaninsu “ni haw” da “shiye-shiye”, gaisuwa da godiya, sauran kuma Amira ce ke fassarawa.

A waccan shekarar takardar hayarsu za ta ƙare da wucewar bikin sabuwar shekarar Sinawa, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Baƙo a garin nan sai da takardar mai gida yake rajistar zamansa. Neman gida kuwa Habsatou ta ɗanɗana shi sau ɗaya, ba ta son na biyu. Kwana arba'in ta yi tana yawo da goyo. A waya kowane dillali yana da ɗaki, da ya ga fuskarta sai ya ce “meyo”, babu. In suka rasa wannan gidan sai dai Panyu, can kudu, inda ba ɗan kasuwar da zai bi ta don malmalar tuwo, kuma Amira za ta bar makarantarta.

Matsalar ita ce ɗan Popo, wani mai suna Wing, mai tumbi da waya biyu. Yana son ya ba wasu samari gidan, irin masu sayar da riguna ta waya suna ihu a gaban fitila. Ya ce warin daddawa ya kama bango. Ya ce maza sun yi yawa a matakala. Popo ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Da Isufu ya tambaya, cewa ta yi, “Bayan biki.”

Ana saura sati biyu bikin, makaranta ta ba da hutu, Amira ta dawo da jakar yadi ɗauke da littattafan yara guda biyar. An ce ta karanta su, ta rubuta yadda iyalinsu suka yi bikin.

“Iyalin wa?” in ji Habsatou. “Mu Sinawa ne? Ki rubuta musu mun tashi, mun yi salla, mun ci tuwo.”

“Inna, malama za ta ba ni sifili.”

Habsatou ta ɗauki littattafan tana jujjuyawa. Duka jajaye, kamar an yanka rago a kansu. Yara masu kumatu kamar fanke, kakanni na dariya baki har kunne, ba wanda ke da ciwon gwiwa, ba wanda ke neman korar kowa daga gida. Ta yi tsaki za ta ajiye, sai wani tunani ya zo mata. Shekara tara tana rufe ƙofarta lokacin bikin nan, saboda masana'antu na rufewa, masu cin tuwo na tafiya gida, garin ya yi tsit. Ba ta taɓa tambayar me ake yi a cikinsa ba. To ga shi an rubuta komai, har da zane. In ta yi wa tsohuwar nan biki yadda ake yi, ta nuna mata ba dabba ta ajiye a gidanta ba, ai sai ta ji kunyar korar su.

Isufu bai ji daɗin maganar ba.

“Maman Amira, kada ki jefa mu cikin abin da ba namu ba.”

“Ni na ce zan kunna wa gunki turare? Maƙwabtaka zan yi. Ko kana da wata dabara, Baban Amira? Ko za ka ɗauki tukwanena a ka zuwa Panyu?”

Bai da wata dabara.

Haka aka fara karatun. Habsatou na tuƙin tuwo, Amira na zaune a kan buhun shinkafa da littafi a cinya, tana karantawa da Sinanci tana mayarwa Hausa. Ba a yi shafi uku ba uwar ta fara faɗa da littafin.

“Mene ne wannan fari a kan rufin?”

“Ƙanƙara ce, Inna.”

“Ƙanƙara a ina? Shekara tara ina garin nan, ban da ruwan sama da zufa ban ga komai ba. Wanda ya zana wannan ya taɓa zuwa China kuwa?”

Aka wuce zuwa labarin wani dodo mai tsoron jan launi da ƙara.

“Dodon banza ke nan. Juya.”

Aka zo shafin da ake ba yara jan ambulan mai kuɗi a ciki. Wannan Amira ta karanta shi a hankali, sau biyu, tana kallon uwarta.

“Na ji. Juya.”

Abu biyu ne suka shiga kan Habsatou, don a cikin littattafan biyar ba wanda ya rasa su. Na farko, wani ƙullin fulawa mai nama a ciki, mai kama da kunnen akuya, wanda Amira ta ce sunansa jawzi. Na biyu shara. Uwa da tsintsiya, uba da tsumma, kaka na kaɗe yanar gizo-gizo, har jariri an ba shi ɗan mazubi.

“Yawwa,” in ji ta. “Ga magana. Ashe sun san tsabta, a littafi dai.”

“Inna, akwai saura. An ce idan ranar farko ta zo, sai a—”

Daidai nan tuwo ya yi tsalle ya ƙona mata hannu, ga mutum huɗu sun shigo suna sallama.

“Ya isa, na gane. Sai ki koya mini shara, ni? Tashi ki kawo kwanoni.”

Ranar jajibere ta wuni a kan jawzi. Ta je wurin mahautan Musulmi ta sayo naman rago, ta niƙa da albasa da citta. Fulawar ta ƙi ta. In ta murza da kauri sai ya zama ɗanwake, in ta murza siriri sai ya fashe a ruwa. Ta zagi fulawar, ta zagi mai zanen da ya nuna yaro ɗan shekara uku yana naɗe shi yana dariya. Da la'asar ta samu guda talatin da za a iya nuna wa mutum, ta jera su a kwanon da ta fi so, ta tasa Amira gaba suka ƙwanƙwasa.

Popo ta buɗe, ta leƙa kwanon, ta ɗauki ɗaya ta ciza. Sai ta fashe da dariya har tana riƙe ƙofa, ta faɗi wata magana.

“Me ta ce?”

“Ta ce yana da daɗi. Amma wai wannan abincin 'yan arewa ne. Su a nan kaza suke ci da kifi.”

Habsatou ta tsaya da baki buɗe.

“Su ma suna da 'yan arewa?”

Popo ta miƙo musu lemo biyu ta rufe ƙofa, don iyalin ɗanta na hanya. Habsatou ta koma ɗaki ta zauna da lemo a hannu. Wuni guda, bayanta kamar zai tsinke, a kan abincin da ba na garin ba. Littafi biyar, ba wanda ya ga damar faɗin haka. Yanzu abu ɗaya ya rage mata, kuma shi dai ba arewa ba kudu, ko'ina shara shara ce.

Washegari, ranar farko ta shekararsu, ta idar da sallar asuba ta jira gari ya waye. Benen shiru, kowa na barcin gajiyar jiya. Ta leƙa ta ga ƙofar Popo a buɗe, ita kuma tsohuwar ta hau saman rufi da turarenta. Abin da ta gani a falon ya sa ta yi salati. Ɓawon 'ya'yan kankana da na gyaɗa ko'ina, ɓawon lemo, takardun alawa. Jikoki sun ci sun watsar, uwarsu ta kwashe su ta tafi, an bar tsohuwa mai ciwon gwiwa a cikin juji, ranar biki.

A Maradi, mace ba ta ganin ɗakin tsohuwa haka ta tsaya neman izini. Habsatou ta ɗauko tsintsiyar kabarta, wadda aka kawo mata daga gida, ta ɗaure zani, ta duƙa. Ta fara daga ƙuryar falo, ta shiga ƙarƙashin kujeru, ta koro komai waje ta bakin ƙofa. Da ta fito ta ga matakala ma haka take. Tunda ta fara, ai ba a rabin aiki. Ta bi ta hawa-hawa, tana share bakin kowace ƙofa, bakwai, shida, biyar, har ƙasa. Ta tara a tsohon buhun shinkafa, ta ɗaure bakinsa, ta kai babbar bolar da ke bakin lungu ta jefa. Ta hawo tana haki, zuciyarta fari tas. Ta ce a ranta, yau dai tsohuwar nan za ta san wa ta ajiye.

Tun daga hawa na biyar ta fara jin ihun.

Popo na tsaye a tsakiyar falonta mai ƙyalli, hannu biyu a ka. Da ta ga tsintsiya a hannun Habsatou sai ta ja da baya kamar ta ga maciji. Isufu ya fito da singileti. Amira ta fito tana murza ido, ta kalli falon, ta kalli tsintsiyar, ta dafe baki.

“Inna! Shara kika yi?”

“A'a, rawa na yi. Me take cewa?”

“Ba a shara yau! Kafin biki ake yi. Ranar farko ɓoye tsintsiya ake. Shi ne nake karanta miki kika ce in kawo kwanoni!”

“To me ya faru don na share?”

“Ta ce arzikin shekarar ne ya zauna a ƙasa. Ta ce kin kore shi ta ƙofa. Ta ce shekararta saba'in da huɗu ba wanda ya taɓa yi mata haka, ko maƙiyi.”

Ana cikin haka Wing ya iso da matarsa da yaransa, duk cikin jajayen riguna, sun zo gaisuwar shekara. Ya saurari uwarsa, ya dubi Isufu, ya ɗaga kafaɗa. Bai yi faɗa ba. Fuskarsa ma kamar ta wanda aka yi wa albishir. Ya ce wa Amira ta faɗa wa iyayenta su fara neman kwalaye.

Isufu ya ja matarsa cikin ɗaki ya tura ƙofa.

“Camfi ne!” in ji Habsatou. “Ɓawon gyaɗa ne arziki? Don Allah, Baban Amira, ɓawon gyaɗa?”

“Wa ya ƙwace tsintsiya daga hannun yarinyar nan shekaranjiya, don ta ɗauka bayan magariba?”

“Wannan daban.”

“Da me ya bambanta?”

“Wannan namu ne.”

“To wancan nasu ne, kuma gidan ma nasu ne.”

Ta zauna a bakin gado. Ta tuna kwana arba'in ɗin nan, da goyo, da “meyo” a kowace ƙofa. Ta miƙe ta kira Amira.

“Je ki tambaye ta. In an dawo da sharar, arzikin zai biyo ta, ko ya riga ya hau mota?”

Amira ta je ta dawo. Popo ta ce ba ta sani ba, ba a taɓa yi ba. Amma a dawo da ita.

Habsatou ta sauka hawa bakwai. Kafin ta isa, an riga an jibga wasu ledoji a kan buhunta. Lungun ya fara cika da masu zuwa gaishe-gaishe, kowa cikin sabon kaya, da lemo a jaka. Suka tsaya suna kallon doguwar baƙar mace ta zura rabin jikinta cikin bola ranar sabuwar shekara. Wani ya ɗaga waya. Ta ɗago ta harare shi har ya sauke. Ta kawar da ledar ƙashin kaza, ta kawar da wata mai ɗigar abin da ba ta so ta san sunansa, ta kamo buhunta ta fizgo. Matar da ba ta barin a shigar mata falo da takalmi, ita ce ta saɓa juji a kafaɗa ta hau da shi hawa bakwai, tana hutawa a kowane biyu, tana faɗin maganganun da gara da Amira ba ta kusa.

Ta dire shi a gaban Popo. Tsohuwar ta nuna bayan ƙofa, ta ciki. Habsatou ta kwance bakin buhun ta zazzage, ta kau da kai don kada ta gani.

Tulin ya fi abin da aka fitar daga falon yawa, ninki uku ko huɗu. Popo ta daina ƙunƙuni. Ta ɗauko tsinken cin abinci ta tsuguna, duk da gwiwar, ta fara tona. Ga ɓawon gyaɗarta, ga takardun alawar jikokinta. Sai ta ɗago wani guntun taba mai zoben zinariya a gindi. A gidanta ba mai shan taba. A duk benen mutum ɗaya ke shan irin wannan, Mista Chan na hawa na uku, mai shagunan yadi har huɗu. Ta tono takardar cakulan mai tsada, irin ta matar hawa na biyar wadda ɗanta ke aiki a banki. Ta ɗago kai a hankali ta yi tambaya.

“Ta ce daga ina kika share?”

“Daga nan har ƙasa.”

“Ta ce har bakin ƙofofin mutane?”

“To in tsallake su? Kowace ƙofa na share.”

Popo ta miƙe da saurin da ba a san tana da shi ba. Ta leƙa matakala sama da ƙasa, ta jawo Habsatou ciki da hannun riga, ta rufe ƙofar ƙarfe, ta rufe ta katako, ta sa sakata. Sannan ta dubi tulin sharar kamar mai duban amfanin gona, kafaɗunta suka fara rawa. Dariya take ba sauti. Wing ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa tsinken, ya rufe.

“Inna, ta ce kada ki faɗa wa kowa. Ta ce ni ma kada in rubuta wa malama.”

“Me zan faɗa? Cewa na yi wanka da bola?”

“Ta ce arzikin benen duka ne ya shigo ɗakinta.”

Habsatou ta dubi tsohuwar, ta dubi jujin.

Kwana huɗu sharar nan na zaune a bayan ƙofar Popo. Duk lokacin da Habsatou ta fito, sai warin ɓawon lemo ya dake ta, hannunta ya fara ƙaiƙayi. Sai a rana ta biyar aka kwashe, shi ma Popo da kanta ta yi, ba ta yarda kowa ya taɓa ba.

Rana ta takwas, da aka koma aiki, Wing ya hawo da takardar haya, fuska a murtuke. Shekara biyu aka rubuta, ba ɗaya ba. Isufu ya karanta ta da fassarar waya, ya sake karantawa, ya miƙa wa matarsa biro. Kafin ta sa hannu Popo ta dafa takardar, ta rage murya ta yi wa Amira magana a kunne.

“Ta ce baɗi ma ki yi. Da sassafe, kafin kowa ya tashi. Ki fara daga hawa na uku. Amma kada ki kai bola, ki kawo mata kai tsaye.”

Habsatou ta ajiye biron.

“Shekara shida ina wanke matakalar nan ba wanda ya ce sannu. Yanzu so take in zama ɓarauniyar juji? Faɗa mata ni 'yar mutunci ce.”

“Maman Amira,” in ji Isufu a hankali, “sa hannu.”

“Kuma in matar Chan ta kama ni fa? Kai za ka yi bayani?”

“Sa hannu, don girman Allah.”

Amira ta tsaya tana kallon su biyun, tana jiran wadda za ta fassara. Habsatou ta ja dogon tsaki, ta ɗauki biron ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, har takardar ta kusa hujewa.

“Ce mata buhu dai ita za ta kawo. Ba zan ƙara ɓata nawa ba.”